Motar Ruwan Yaya Ilu

Shekara biyar ke nan da muka kai Yaya Ilu makwancinsa a maƙabartar Al Qusais, kusa da garejin da ya yi aiki. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya kawo ni Dubai na shiga harkar kago, wato aika kaya, a Al Rigga. Jama'a sun san shi da gyaran manyan motoci. Ni kuwa in na tuna shi, abin da nake gani shi ne wata tsohuwar mota mai taya shida, ba sitiyari sai sanduna biyu, jikinta kamar bahon wanka.

A wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa a Sharja ya tsinto ta. An ce masa a zamaninta tana tafiya a tudu, tana kuma iyo a ruwa. Ranar da na fara ganinta inji ya daskare, sarƙoƙi sun yi tsatsa, cikinta a tsage. Na tambaye shi ko aikin garejin ne bai ishe shi ba. Ya ce in tuna ƙauyenmu da damina, yadda fadamar Hadeja ke cika ta raba mu da titi. Ruwan ya fi ƙarfin babur, ciyawar kacalla da taɓo kuma ba sa barin kwalekwale ya wuce. A haka ƙanwarmu Hauwa ta rasu tana naƙuda, ana neman hanyar kai ta asibiti. Ban ƙara tambayarsa ba.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yana kanta, shi da amininsa Musa, mai walda, ɗan Zangon Kumasi. An daina ƙera kayanta tun tuni, don haka abin da suka rasa su suke sarrafa shi da hannu. Musa kan jefar da sifana ya ce, "Khalas, a haƙura, Ilu, wannan ai gawa ce." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce shwaiya shwaiya, wato sannu a hankali, ya miƙa masa shayi. Allah ya nuna masa ranar da injin ya tashi, amma bai ga ta shiga ruwa ba. Ciwon ƙirji na kwana kaɗan ne ya zama ajalinsa.

Bayan rasuwarsa Musa ya ce ba zai koma Ghana ya bar aikin a rabi ba. Ya liƙe tsagar, ya toshe inda ruwa ke bi ta gindin tayoyi. Wata safiya muka tura ta cikin ruwa a gefen Sharja. Ta yi tangaɗi, ta daidaita, ta kama iyo. Musa ya kashe injin a tsakiyar ruwa ya yi wa Yaya addu'a. Ni na sa ta a kwantena zuwa gida.

Da Yaya zai dawo yau, na san zai yi mamakin ganin jirgin ƙasa na metro ya iso Al Qusais, zai kuma tambaya ko wa ke gyaransa. Amma labarin ƙauye zai fi so. Motar takan lalace, matasan garin su taru su tayar da ita, domin sun koyi hannunta. Ta fitar da masu naƙuda, ta fitar da wani da maciji ya sara, har amarya ta taɓa kaiwa.

Inna ce kaɗai ta daɗe ba ta son ko kallonta. Tana ganin ita ce ta riƙe mata ɗa a ƙasar mutane har ajali ya same shi a can. A daminar da ta wuce ƙafarta ta kumbura, dole aka ɗora ta a ciki zuwa asibiti. Da ta warke na kira ta daga ɗakinmu na Hor Al Anz, na tambaye ta yadda tafiyar ta kasance. Ta ce, "Ko zanina bai jiƙe ba. Yayanka bai taɓa yin aikin ha'inci ba."

Yanzu a ƙofar gidanta ake ajiye motar, ita ke riƙe da makulli. Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya sa kowace tsallakawa ta zame masa haske a kabari.