Mai Labule da Yayarta

A ɗakin duba mata na asibitin unguwa, ba wanda ya riƙe sunan da ke kan katin aikinta. Mai Labule ake ce mata. Ita ba nas ba ce, ba kuma ungozoma ba. Aikinta ta shimfiɗa leda a gadon dubawa, ta ja koren labule, ta haska wa Likita fitila, in an gama ta wanke kayan aiki. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan tsayuwa.

A tsayuwar ta ga mata iri-iri, kuma yawancinsu tun daga gida sun gama yanke wa kansu mutuwa. Wata ta shigo tana kuka wai ƙari ya fito mata a gaba, a duba a ga aski ta yi da tsohuwar reza, gashi ya koma cikin fata ya zama maruru. Wata kuma 'yar hanyar da ke kawo danshi a bakin gaba ce ta toshe, ruwa ya taru kamar ƙwai. Irin waɗannan tun daga benci Mai Labule take gane su, don da gefe ɗaya suke zama. Masu ciki jijiyoyi ne ke kumbura musu. Akwai ƙurajen da ake ɗauka wajen kwanciya, su ne Likita kan ce a zo mata da maigida, sai ka ga fuska ta sauya. Duk da haka ba ta taɓa faɗa wa kowa sunan ciwonta ba. In an matsa mata a benci sai ta ce, "Ki bari mai karatun ta gani."

Abu ɗaya da Likita ke yawan faɗa ya zauna mata a kai. Ƙullutu mai zafin da ke hana mace zama, shi da kansa yake koro ta asibiti. Wanda ake tsoro shi ne mai tauri, mai shiru, a jikin matar da ta daina al'ada, musamman in da ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani.

A gida tana zaune da yayarta, tsohuwar tela, wadda ta raine ta tun rasuwar uwarsu. Yaya mace ce mai tsare gida, ko gwiwarta ƙanwar ba ta taɓa gani ba. Wata Asabar da safe Mai Labule tana wanki, ta ɗago siket ɗin cikin Yaya ta ga ɗigon jini. Yaya ta fi shekara goma sha biyar da daina al'ada. Sai ta tuna kwalaben man ƙaiƙayi da suka taru a bayan keken ɗinki.

Ta same ta tana zare lalataccen ɗinki.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Kin gama wankin ne kika zo yi min aikin ɗan sanda?"

"Na ga siket ɗin."

Yaya ta ci gaba da jan zare. Can ta ce, "Ɗan ƙullutu ne, bai kai ƙwayar wake ba. Ko zafi ba ya yi. Wata huɗu ke nan bai hana ni komai ba."

"Rashin zafin ne ya tayar min da hankali. Zai iya zama ba komai ba, zai iya zama daji. Ni ban isa in sani ba, sai an duba."

"Ji Auta. Ni na wanke miki kashi, yanzu ke za ki haska ni da fitila?"

Kwana uku suna wannan ja-in-ja. Mai Labule ta yi lallashi, ta yi fushi, ta ƙi cin abinci. A rana ta huɗu Yaya ta fito da mayafinta a kafaɗa.

"Zan je. Amma ba za ki shiga ba, kuma ba za ki tsaya inda za ki ji ba."

Wannan sharaɗi ya yi mata nauyi. Ta san yadda ake karkata fitila don Likita ta ga gefen fata, ta san lokacin da ake riƙe wa mace hannu. Sabuwar ma'aikaciyar da za ta tsaya a madadinta ko wata biyu ba ta yi ba. Amma ta ce to. Ta nuna wa sabuwar ma'aikaciyar inda za ta tsaya, ta ce ta ɗumama hannunta tukuna, ta kuma riƙa kiran Yaya da Mama. Sannan ta fita ta zauna a ƙarshen benci cikin masu jiran layi, da rigar aikinta.

Likita ta yanki ɗan nama aka kai gwaji. Bayan mako biyu sakamako ya fito: daji ne, amma bai yi nisa ba. Aka tura su babban asibiti, aka cire shi. Likitan can ya ce da an ƙara wasu watanni, da aikin ya fi haka girma sosai.

Ranar sallama Mai Labule tana naɗe zannuwa cikin jaka, ta ji Yaya tana hira da matar gadon kusa.

"Waccan? Ƙanwata ce, autarmu. A asibiti take aiki. Ita ta gano shi tun kafin likitoci. Can wurinsu ko Likita ba ta taɓa mara lafiya sai tana tsaye."

Mai Labule ta buɗe baki za ta rage maganar, sai ta fasa. Ta durƙusa ta sa wa Yaya takalmi.

"A hankali mana," in ji Yaya. "Ƙafar mutum ce, ba ta gado ba."