Madubin Duba Cikin Ido

Ranar Talata, a wani ɗakin duba ido a Mafara, ina zaune a benci ina jiran layi. Wanda ke gabana dattijo ne daga wajen Janbako, dogo, ramamme, rawaninsa ya yi ja da ƙasar hanya. Takalman robarsa suna kan cinyarsa, ya riƙe su gam kamar mai shirin gudu.

Na'urar zamani ta lalace, sai likita ya ɗauko ta tsohon maigidansa: ɗan madubi mai kwarmi da huda a tsakiya, mariƙinsa ya sha hannu har ya yi baƙi. Ya ja labulen taga, ya ajiye fitila a bayan kunnen dattijon, ya juya hasken cikin ƙwayar idonsa yana leƙe ta hudar.

Dattijon ya zauna a ɗarare. Ina jin ba yanar ido kaɗai ta kawo shi ba. Mai zama haka, yana waiwayen ƙofa duk lokacin da babur ya wuce, ya ga wani abu ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu.

"Likita," in ji shi a hankali, "abin da ido ya gani, yana zama ciki?"

"A'a, Baba. Jijiyoyi kawai nake gani."

Bai yarda ba. Ya kama hannun likitan.

"In ka ga wani a ciki, don Allah kada ka hwaɗi sunanai. Katanga guda ta raba mu."

Duk mutanen benci muka sunkuyar da kai.