Baƙar Totuwar da Nev Ya Zuba wa Kaji

Yayana Neville Prowse, wanda duk garinmu Cunnamulla ke kira Nev, ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Mahaifiyarmu takan ce ƙafar kare ya ci tun yana goye. Yanzu ya ba sittin baya, gwiwa ta fara kuka, amma hali zanen dutse. Sana'arsa harbin aladun daji da karnukan daji masu yi wa makiyaya ɓarna a garken tumaki. Da yake kuma hannun jarirai gare shi, ba ya sayen sabon harsashi. Kwanson da ya harba zai bi ya tsince, ya kawo gida ya goge, ya sake ɗura masa albarushi.

Gugar nan ita ta hana ni sakat shekara da shekaru, don shingen waya ne kawai ya raba gidana da nasa. A rumfar bayan gidansa yana da wani inji mai kama da ƙaton kwano da murfi. Zai cika shi da dakakkiyar totuwar masara, ya juye kwanson tagulla a ciki, ya kunna. Abin ya yi ta kakkarwa yana gurnani tun hantsi har la'asar, shi kuma yana zagaye shi, ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya sake buɗewa. Totuwar fara tas take zuwa. Tana cin dattin kwanso har ta koma toka-toka, daga nan ta yi baƙi ƙirin, ta daina goge komai. Nev zai yi ta lallaɓa ta, ya ɗiga mata man goge mota, ya jefa tsumma ya kwashe ƙura, sai ta mutu murus sannan ya yarda ya sayo wani buhu. Ko a nan ɗin ba zai kai ta bola ba, ina! A dangar kajin matarsa Noelene yake juye ta, wai suna son birgima a ciki, kuma tana kashe musu ƙuma. Gaskiya kajin na so, har tsattsagar ta suke yi.

'Yarsu guda ce, Kerryn, tana aure a garin Charleville. Ta daɗe tana neman haihuwa, ciki biyu ya zube mata, sai bana na ukun ya zauna har ya girma. Da cikin nan muke kwana, da shi muke tashi. Noelene na saƙa, ni ina addu'a, Nev da ba ya iya ko ɗaya ƙwai yake kaiwa. Dama tun da aka yi bikinta abin da ya ɗora wa kansa ke nan. Da kiret ya cika zai hau a-kori-kurarsa ya niƙi hanya, ya ajiye, ya sha ruwa a tsaye, ya juyo.

"Ƙwan kanti ruwa ne zalla," in ji shi. "Jikana ƙwan gida zai ci tun daga ciki."

Wata Asabar ina shanya, abokinsa Merv Tuckey ya shigo aron ma'aunin albarushi, ya tarar da shi yana juye bokiti a cikin danga.

"Kai tsohon banza, me kake zuba musu?" in ji Merv.

"Abin da ya fi kanka amfani. Totuwa ce. Matsa can, kar ka firgita min kaji da wannan fuskar."

Merv bai yi dariya ba, shi da ko a wurin jana'iza sai an harare shi. Ya ce, "Nev, ka san abin da ya sa na bar gugar totuwa na koma wanki da ruwa? Likita ne ya auna jinina ya ga dalma. Ɗan abin nan da ke kama wuta a gindin harsashi, akwai dalma a cikinsa. In ka harba ta manne a kwanso, totuwa ta goge ta, ta riƙe. Baƙin nan da kake gani guba ce. Ni tawa a leda nake ƙulle ta, da safar roba a hannu. Wa ke cin ƙwan kajin nan?"

Nev ya tsaya da bokiti a hannu, kaji na tono a gindin ƙafarsa. Ni kuwa rigar da nake shanyawa sai ganin ta na yi a ƙasa.

A ranar Noelene ta kira Kerryn. Kerryn ta je asibiti aka ɗebi jininta, aka ce sai an aika birnin Brisbane, a jira. To jira fa shi ne abin da Allah bai hore wa yayana ba. Kafin rana ta faɗi ya yanka kajin nan kaf, ya ƙulle su a buhu, Noelene na tsaye a bakin ƙofa tana kuka, don kowace da sunanta. Washegari ya ɗauki diga da shebur ya hau kankare ƙasar dangar. Ya kwashe ta sama, ya ga bai yarda ba, ya ƙara nitsawa. In ya gaji da tono ya wanke rumfa, in ya gama ya koma tono. Abinci kuwa sai dai Noelene ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Ni dai ban iya riƙe bakina ba. Na tsallaka shingen na wanke shi soso da sabulu. Na ce, "Maƙo! Duk maƙonka ne ya jawo mana. Abin da kowa ke zubarwa, kai sai ka nemo masa aiki. Yarinyar nan ta sha wuya, ka sani!"

Ban taɓa faɗa masa ɗaya bai rama da goma ba. Ran nan ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Miƙo min baron nan, Dulcie." Sai tausayinsa ya kama ni, haushin kuma bai tafi ba. Na miƙa masa.

Sau biyu yana tayar da mota zai je wurin Kerryn. Na farko a bakin gari ya juyo. Na biyu ya kai har Wyandra, rabin hanya, ya tsaya a gefen titi ya rasa da wace fuska zai shiga gidan, ya dawo. Noelene ta ɓoye makullin.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana, Kerryn ta bugo waya. Muna kicin ni da Noelene. Ta ɗauka, ta saurara, sai ta leƙa taga ta ce, "Nev, da kai take son magana." Ya shigo da ƙasa har gwiwa, ya karɓa, ya danna yadda duk za mu ji.

Muryar Kerryn a kwance take. Ta ce an ga dalmar, ta ɗara yadda ya kamata, amma ba ta kai a ba ta magani ba. Za a riƙa auna ta har ta sauka. Game da jaririn kuwa, yana motsi lafiya, sai dai likita ta ƙi yi mata alkawarin komai.

"Na yanka su duka, 'yata," in ji Nev. "Na kwashe ƙasar. Injin ma yau zan kai shi bola, wallahi ba zan ƙara..."

"Baba," ta katse shi. "Likita ta yi min tambaya, na ce ban sani ba, zan tambaye ka. Tun yaushe kake zuba musu?"

Ya dubi Noelene, ta sunkuyar da kai. Ya dube ni. Na so in yi ƙarya in rufa masa asiri, Allah ya sani, amma ba ni aka tambaya ba.

"Tun kafin bikinki," ya ce.

Cikin nan biyu da suka zube mata ne suka faɗo min a rai. Can muka ji Kerryn ta ja numfashi.

"Ba Mama wayar," ta ce.