Inda Fentin Harouna Ya Tsaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Harouna Almustafa, mutumin Damagaram, bakanike a wata warsha, wato garejin gyaran mota, da ke Al-Shifa, nan Riyad. Shi ne mai inji a garejin, ni Kamil nake aikin wayarin. Ya ajiye sifana, ya zauna kan taya ya ce bari ya huta, bai sake tashi ba. Likita ya ce zuciya ce.

Harouna, ina jin haushinka, kuma sai na faɗa. Tun bara kake dafe ƙirji. Na ce ka je asibiti, ka ce wai Bakano ya karanta abu a waya ya zama likita. Injin mutane in ya yi tari kana jiyo shi daga bakin titi, naka na cikin ƙirji ka toshe masa kunne. Allah ya yafe maka, ni dai har yanzu ina fama.

Ba zan ce kai mai sanyin hali ba ne, don wanda ya san ka zai ƙaryata ni. Kana da cika baki, kana da faɗa. Amma ran da na sauka garin nan ban san kowa ba, kai ka shimfiɗa mini tabarma a ɗakinka, ka tura mini kwanon shinkafa kana cewa, "Ci, bawana, Badamagare ba ya barin Bakanonsa da yunwa." Da iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare na kasa fita, kai ka tsaya wa kafili, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, a ƙofa da guntun Larabcinka har aka sabunta.

Wani Balarabe ya kawo tsohuwar mota ƙirar Kafris, yana son ta zama abin tsoro a titi. Ka je wurin 'yan gwangwani ka zaɓo ƙaramin inji mai silinda takwas, duk tsatsa. Ka kai aka faɗaɗa ramukan, ka sa fistan masu jure wuta, ka nemo kamshaf ɗin da ke sa mota gurnani ko tana tsaye. Ka rantse zai ba da ƙarfin doki ɗari biyar. Na ce littafin da na karanta bai yarda ba. Ka ce, "To littafin ya zo ya kama sifana."

Kana da wata ɗabi'a: duk notin da ka ɗaure ya kai awonsa, sai ka ɗiga masa rawayan fenti. Kuma ka yi wa 'yarka Shafa'atu alkawari, tana can Damagaram, cewa ita za ta fara jin kukan injin nan ta waya, kafin mai motar ma.

Ba a ko yi maka wanka ba, mudir, shugaban garejin, ya tsaya kan injin yana tambaya, "Wa zai ƙarasa makina?" Ya ce a ɗauke a kai wani garejin, a kwance a sake. Na ce masa mutum ne ya mutu, ba batir ba. Sauran abin da na faɗa ba na rubutawa ba ne. A tsakaninmu makanikai ba a tayar da injin da wani ya haɗa sai da izininsa. To kai wa za a tambaya? In kuwa aka kwance shi, alkawarin yarinya ya tafi ke nan.

Bayan mun binne ka, Shafa'atu ta kira da wayar mahaifiyarta. "Kawu Kamil, Baba ya ce zan ji. Yanzu shi ke nan?"

Izinin ke nan. Na ɗauko Basiru, bakaniken maƙwabtanmu, muka bi fentinka noti bayan noti. A kan injin, gefen hagu, ɗigon ya yanke. Nan ka tsaya. Basiru ya daɗe yana kallon wurin kafin ya iya ɗaga sifana. Muka ƙarasa, muka ɗiga farin fenti, don kada a haɗa hannunmu da naka.

Ranar Asabar da hantsi muka zuba mai, na kira Damagaram, na kanga wayar kusa da salansa. Na ce, "Shafa'atu, ke za ki ba da umarni." Ta ce bismillah, na murɗa makulli. Ya yi tari sau ɗaya, sannan ya kama. Rufin kwanon warsha ya ɗauki rawa, maƙwabta suka fito, mudir ma ya bar zancen kai shi wani gareji. Na kashe injin. Can ta ce, "Kawu, ya fi Baba surutu." Ta yi dariya, dariyar ta karye.

Ko ya kai doki ɗari biyar, ban sani ba, ba a gwada ba tukuna. Gardamar tamu ta tsaya inda fentinka ya tsaya.

Ya Allah ka jiƙan Harouna, ka yafe masa zafin baki saboda sanyin hannunsa, ka yalwata kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Haoua, da Shafa'atu da ƙannenta, da dukan 'yan'uwa a Damagaram. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuma, in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.