Ƙuri'ar Gujiya da Sunan Ɗiyar Yayata

Har yau matan garin mijin yayata suna yabona, wai ni ce ƴar lakol, wato ƴar boko, mai ladabi da ta girmama tsohuwa. Ba ladabi ba ne. Gaggawa ce, kuma yayata ce ta sha wuyarta.

Shekarar da aka fara zaɓen jam'iyyu da yawa, ina aji uku a kwalej ɗin Agiye, ina da wani kaye, littafin rubutu, da na cika da sunayen jarirai. Duk malamin da na kama sai na tsare shi ya faɗa mini asalin suna. Nafisa, daga Larabci, abu mai daraja da tsada. Samira, abokiyar hira. Zahra'u, mai haske kamar fure. Maimuna, mai albarka. Sunayenmu na gida kuwa, irin su Tanko, namijin da ya biyo mata, da Delu, macen da ta biyo maza, na rubuta su a shafin ƙarshe na ja musu layi. A ganina sun tsufa.

Ana cikin hutu aka aiko yayata ta haihu a ƙauyensu kusa da Gangara. Mace! Ko zanen kirki ban ɗauka ba, kayena na rarumo na shiga mota.

Na same ta ta fito wankan jego. Ta jawo hannuna ta ce, "Ke, ki ji. Na fari ɗan fari ne, kunya ta hana ni faɗin sunansa. Na biyu sunan baban mijina ya ci, Abba nake ce masa. Wannan ina son wadda zan tsaya bakin ƙofa in ƙwala wa kira da sunanta, kowa ya ji."

Na ce ta bar mini. Na karanto mata huɗun nan da na fi so, a guje. Da na zo kan Maimuna ta sunkuyar da kai ta ce, "Wancan na ƙarshen dai..." Ban tsaya ba. Na ɗauka shi ya fi burge ta, na fice neman mijinta.

Shi kuwa lokacin ba ya zama, kullum yana bayan motar kamfe. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, ai yanzu dimokuraɗiyya ake. Ku jefa ƙuri'a, wanda ya ci shi zan kai wa liman." Wasa yake yi. Ni na riƙe shi da gaske.

Ana jibi suna na jera ƙorai huɗu bayan rumbu, kowace da ƙyallenta, don yawancin matan ba su karatu. Nafisa ja, Samira kore, Zahra'u fari, Maimuna shuɗi. Kowace mace ƙwayar gujiya ɗaya. Gidan ya cika ya batse. Wata gwaggo ta ce a ba ta biyu saboda ta yi aikin hajji, na ce ko gwamna ɗaya zai jefa. Wata ta cinye ƙuri'arta a layi ta dawo neman wata. Na hau turmi ina ta kamfe, "Samira! Samira canji!" ƴan mata suna amsawa da tafi. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Tsofaffin ba su yi gardama da kowa ba. Su dai kalli uwar mijin yayata, wadda duk garin Inna ake ce mata, su yi murmushi, su zaga bayan rumbu. Da aka juye, ƙwaryar shuɗi ta cinye da nisa. Na ɗan ji haushi don Samira nake so, amma na tuna yayata ta sunkuyar da kai a kan Maimuna, na ce to, burinta ya cika. Mijin da ya ji sakamako har hularsa ya cire don murna.

Ranar suna da hantsi aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya, "Sunan jaririya Maimunatu!" Sai na ga mata sun yi kan Inna da guɗa, ita kuma tana share hawaye da gefen mayafi. Gwaggon nan mai hajji ta dafa ni ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ƴar nan, kin yi wa tsohuwa takwara."

Ashe sunan yanka na Inna ke nan. Duk wanda aka haifa a garin ya sani, ni baƙuwa ce kawai ban sani ba.

Na faɗa ɗakin yayata na ce, "Don me ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Da wane bakin zan faɗi sunan surukata? Na fara yi miki nuni kika tashi kamar an kora ki. Sarkin sauri!"

Na ce bari in je wurin liman a sake. Ta ce in zauna kafin in ƙara wata ɓarnar, rago ya riga ya mutu. Mijin ma ba zai iya kiran sunan ba, tun a tsakar gida ya fara cewa Uwani.

Ta karɓi kayen tana juyawa, ita da ta bar lakol a aji huɗu na firamare, har ta kai shafin da na soke. Ta ɗora yatsa ta ce, "Wannan fa? Ba mace ce bayan maza ba? Kuma duk dangin gidan nan babu mai shi." Ta miƙe da jaririyar a kafaɗa, ta tsaya bakin ƙofa ta ƙwala, "Delu!" har awaki suka firgita. Ba sunan da liman ya raɗa ba ne, na sani, ita ma ta sani. Amma ta kira shi sau uku tana dariya, kuma shi ya bi yarinyar.

A motar komawa Agiye na goge layin da na ja a shafin ƙarshe. Na buɗe sabon shafi, na yanke cewa hutu mai zuwa gida gida zan bi, garinmu da nasu, in tambayi kowace tsohuwa sunanta na yanka in rubuta, tun kafin yayata ta sake ɗaukar wani cikin.