Glenys Tudge, Mai Waigi a Gindin Tudun Brockle

Duk ranar da za a yi tsere a tudun Brockle, kafin masu motoci su gama sauke kaya daga tirela, Glenys Tudge ta riga ta jingine kekenta a jikin shingen gona, ta zura rigar aikinta mai ruwan lemo, ta kurɓi shayi daga wani fulas da ya girmi rabin direbobinmu. Sai ta ɗauki tsintsiya ta share layin tashi tas, don ita ba ta yarda da sharar kowa ba. Sannan ta ɗauko kayan aikinta, guntun katako ne da aka kafa wa doguwar ƙota. Waigi ke nan. Mota za ta zo ta tsaya a kan layi, hanci sama gindi ƙasa, Glenys ta cusa waigi a bayan taya don kada ta gangara baya. Direba ya ɗage ƙafa daga birki, fitila ta yi kore, ya fizga ya haye tudu shi kaɗai, daga shi sai agogo. Wata motar ta matso. Haka za ta wuni, ko ana rana ko ana ruwa, kuma a nan an fi yin ruwan.

Shekara arba'in da ɗoriya tana wannan aiki, ladanta burodi da cuku da tsakar rana. Mijinta Ken ne ya fara kawo ta, lokacin yana riƙe tuta a lanƙwasa ta biyu ta hanyar tudun. Ken ya rasu, ita ba ta fasa ba. Bana dai gwiwoyinta sun ce sun gaji, ta ajiye aiki a taron ƙarshe na watan Satumba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, ka buɗe littafin taronmu za ka ga tarihin kowace mota dalla-dalla, wane ya ƙera ta, wane ya saya daga hannun wane, wane ya ci kofi da ita. Ka bincika daga farko har ƙarshe ba za ka ga sunan matar da ta tare wa dukansu taya ba.

Ga shi aikin ba na wasa ba ne. Tsofaffin motocin nan in suka tashi, tsakuwa suke watsowa baya, wani lokaci har da waigin kansa. Duk wanda ya taɓa ganin ƙaurin Glenys ya san haka. Akwai shekarar da waigi ya dawo ya same ta a ƙafa har ta zauna, aka ce ta tafi a duba ta. Ta ce a bari sai an tashi cin abinci, akwai motoci a layi kuma injinsu na zafi. Attajirin da ya zo da mota a cikin akwatin gilashi, da makanikin da ya jawo tasa da tsohuwar motar ɗaukar tumaki, duk waigi ɗaya take sa musu, da fuska ɗaya.

Amma ba wannan ne babban abin da ya sa muke jinjina mata ba. Ita kaɗai ce ke tsayawa dab da direba a daidai lokacin da ba ya iya ɓoye komai. 'Yan kallo hular kwano kawai suke gani. Glenys kuwa tana ganin fuskar da ke ciki, tana jin wanda ke addu'a da wanda ke kiran sunan uwarsa. Da yamma in an taru a mashayar ƙauye, sau nawa aka saya mata abin sha don a ji wane ne matsoraci a cikin manyanmu. Sai ta sha abinta ta yi godiya, ta ce ita fa taya take kallo. Ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinta ba, sai sau ɗaya, a ranarta ta ƙarshe, kuma saboda Hilda.

Hilda mota ce. Wani maƙeri, Percy Gwilliam, shi ya harhaɗa ta a rumfarsa tun kafin babban yaƙin duniya, da injin babur da sarƙa da ƙarafan da ya tsinta, ya raɗa mata sunan surukarsa don ya ce surutunsu ɗaya. Daga hannunsa ta koma wurin wani likitan dabbobi, daga nan ta yi shekaru a rumbun ciyawa kaji na ƙwai a kujerarta, har Norman Beddoes mai gidan burodi ya tono ta ya tayar da ita. Halinta guda ne da ke rikita duk sabon mai ita: totur ɗinta a tsakiya yake, birki a dama, saɓanin motocin yanzu. In ka firgita ƙafarka ta nemi birki inda ta saba, to wuta ka ƙara mata.

Norman ya yi kusan shekara arba'in yana hawa da ita. Ƙato ne mai dariya da ƙarfi, kullum cewa yake tsoro na 'yan kallo ne, shi bai san kalarsa ba. Mun yarda, 'ya'yansa biyu ma sun yarda. Babban, Clive, yana ɗan shekara goma sha takwas uban ya ɗora shi a kan Hilda. Yaron ya zo kan layi, fitila ta yi kore, ya kasa tashi, ya kashe inji ya fito a gaban jama'a. Clive bai sake zama a kujerar ba.

Da sanyin bara ciwo ya kwantar da Norman, ya kira Clive da ƙanwarsa Rhian ya ce musu wanda ya kai Hilda ƙolin tudu a bana, tasa ce. In babu, a sayar. Bai daɗe ba ya rasu. Mai saye kuwa yana nan a shirye, wani mai tara tsofaffin motoci daga can kudu, wanda zai goge ta ya ajiye a ɗaki mai kafet, ba za ta sake shaƙar iskar Brockle ba. Clive ya fi son a sayar, kuma kada a ɗauke shi mugu, cewa ya yi ya binne uba, ba ya son ya binne ƙanwa. Rhian, nas ce a asibitin gari, ta haura hamsin, ba ta taɓa tuƙa abin da ya wuce ƙaramar motarta ta zuwa aiki ba. Ta ce ita za ta hau.

Ta yi duk abin da ake yi ta samu izinin tsere. A taron farko na bazara, tun a filin ajiye motoci, wani kare ya gifta, ta taka na tsakiya, Hilda ta yi kukan kura ta afka cikin dammunan ciyawa kusa da rumfar shayi. Ba wanda ya ji ciwo sai teburin kek. Mutane sun yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga ranar, duk taro sai ta ba da suna, ta zo da mota, in an kira lambarta ta ce inji na wani sauti da ba ta yarda da shi ba. Haka bazara ta wuce. Satumba ta zo, mai saye ya iso da motar ɗaukar kaya ya ajiye a bakin ƙofa, saura hawan ranar kawai.

Da aka kira ta da safe, ba ta kawo maganar inji ba. Mutum huɗu suka tura Hilda ta tashi, don ba ta da makunni, Rhian ta lallaɓo da ita har kan layi. Glenys ta cusa waigi. Fitila ta yi kore. Shiru, mota ba ta motsa ba. Ƙafar Rhian ta manne a kan birki, ta ƙi matsawa tsakiya. Hilda ba ta da fanka, iskar gudu ce ke sanyaya ta, nan da nan ƙaurin mai ya fara tashi. Trevor Yapp, mai ba da izinin tashi, ya dubi mota ya dubi layin da ke bayanta, ya fara ɗaga hannu zai ce a kashe a tura ta gefe. Clive yana tsaye a bakin shinge, taku kaɗan daga wurin, ya sunkuyar da kai don ya san wannan tsayuwar.

Glenys ta ɗaga wa Trevor yatsa ɗaya, ya dakata. Tana riƙe da ƙotar waigi da hannu guda, ta ranƙwafa da gwiwoyin nan nata har bakinta ya kai gefen hular Rhian, ta tambaye ta me take jira.

"Ba zan iya ba, Anti Glenys," in ji Rhian. "Ni ba Baba ba ce."

Hilda ba ta barin a yi raɗa kusa da ita. Duk abin da za a faɗa sai an ɗaga murya, shi ya sa abin da Glenys ta riƙe shekara da shekaru ya fito da ƙarfin da duk na bakin shinge suka ji.

"Babanki? Ranar da ya fara zuwa layin nan amai ya yi a cinyarsa, ni na ba shi tsumma. Bai taɓa tsayawa a nan ba sai ƙafarsa na kaɗawa har ina ji a ƙotar nan. Kullum sai ya ce, Glenys, kin riƙe? In ce na riƙe. To ke ma na riƙe ki, 'yar nan. Ɗage ƙafa ki taka na tsakiya."

Waɗanda ke kusa sun ce sun ga kafaɗun Rhian na girgiza, ba su sani ba ko dariya ce ko kuka. Can sai Hilda ta yi tari, ta watso tsakuwa, ta ja jiki ta bar waigi. Allah ya sani ba gudu ta yi ba, ko tarakta ta bi ta sai ta matsa mata. Ta sha kwanar farko kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, ta ɓace cikin itatuwa. Muka yi tsit muna bin ƙarar injin da kunne, yana ɗagawa yana sauka, har lasifika ta ce lambar Rhian Beddoes ta iso ƙoli. Ba a yi hawa mai nawa irin nata ba a ranar, kuma ba wanda aka yi wa tafi irin nata. Glenys ba ta tafa ba, tana sa wa mota ta gaba waigi.

Da aka tashi cin abinci ta zauna a kan damin ciyawa tana murza gwiwa, ranta a ɓace. Ta ce wa Trevor ta ci amanar mamaci, gobe sai ta biya ta maƙabartar coci ta ba Norman haƙuri. Tana cikin haka Clive ya zo ya tsaya a kanta, hula a hannu.

"Da gaske ne abin da kika faɗa? Kullum?"

"Kullum."

"Har ranar da na fito daga motar?"

"Bayan ka fita shi ya shiga. Ranar ƙafarsa ta fi kowace rana rawa."

Clive ya zauna a gefenta. Mutum mai furfura, ya rufe fuska da hula ya yi ta kuka kamar yaro, don shekara talatin da wani abu yana ɗauka shi kaɗai ne matsoraci a gidansu. Glenys ta zuba shayi a murfin fulas ta miƙa masa. Da ya shanye, shi da kansa ya taka bakin ƙofa ya sallami mai saye.

Glenys, ke ce wadda kowa ya jingina da ita kafin ya zama gwani. Ke ce kika ga manyanmu a ranar da suka fi ƙanƙanta, kika bar su suka sauko suna cika baki a mashaya, ba ki taɓa ɗaga gira ba. Kin san lokacin rufe baki, kuma da ranar buɗe shi ta zo ba ki yi jinkiri ba, ko da yake ya yi miki ciwo. Motocin nan sun sauya hannu sau da yawa, masu su sun tsufa, wasu sun tafi, 'ya'yansu sun zo, duk ke suka tarar a bayan taya. Ina faɗa ba kunya, muna ƙaunarki, kuma gindin tudun nan zai yi mana faɗi ba ke. Mun gode. Allah ya sassauta wa gwiwoyin nan, ya ba ki tsawon rai.

Ku kuma da kuke zuwa da kujerun ninkewa kuna ɗaukar hoto, ku sani tudu ba ya tafiya da masu kofi kaɗai. Ana neman masu shara, masu tuta, masu tura mota. Babu albashi, za ku jiƙe, ba wanda zai buga sunanku. Ku zo duk da haka, ku yi kamar yadda ta yi.

Waigi dai ya riga ya samu mai ɗauka. Kafin a watse a ranar, Clive ya roƙi Glenys ta nuna masa yadda ake cusa shi, ta nuna masa, ta ce ya nemi takalmi mai kauri kafin bazara. Trevor ya tsokane shi ya ce ko dai zai raba tuƙin Hilda da ƙanwarsa ne, tunda doka ta yarda mutum biyu su hau mota ɗaya. Clive ya girgiza kai ya ce shi da kujerar nan sun rabu tuntuni, kuma yanzu ba ya jin kunyar faɗa.

"Amma Rhian za ta dawo kan layin nan da bazara, ƙafarta na rawa," in ji shi. "In ta tambaya ko an riƙe, ni nake so in amsa mata."