Inda Umma Ta Karɓi Baƙinta

Shekarar da na gama digirina a Manchester, Umma ta zo bikin yaye mu, a tsakiyar sanyi. Ɗakina a unguwar Moss Side ɗaya ne tal, gado da tebur da tukunyar shinkafa duk a wuri guda, don haka bayan biki na ce zan kai ta hutu Birmingham. Can ne 'yan garinmu suka fi yawa, kuma tun daga Kano take lissafa mini waɗanda za ta gani. Ɗan ƙanwarta, likita ne a can, ya ce mu sauka gidansa. Na ƙi. Girman kai ne ba komai ba, so nake a ce 'yarta ce ta kama mata masauki.

Na samu wani gidan saukar baƙi a intanet, ɗaki biyu da falo, farashi kamar kyauta. Sai da na zo biya na ga kuɗin shara, kuɗin hidima, har da kuɗin ajiye mota, ni da ko keke ba ni da shi. Na yi tsaki na biya. Akwai wani dogon rubutu da suka ce in amince da shi, na danna ban karanta ba. Wa ke karanta wannan?

Ranar da muka sauka, kafin la'asar labari ya zaga. Kowa ya san halinmu, in babba ya zo daga gida dole a je gaisuwa, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Matar likitan ta zo da kular tuwo da miyar kuka, wasu da masa, wasu da yaran da ke gaishe da Umma da Turancin Birmingham tana amsa musu da "lafiya lau". Takalma suka cika bakin ƙofa. Umma na tsakiyar falo tana tambayar kowa iyayensa, tana dariya har da tafa hannu. Rabon da in gan ta haka tun kafin rasuwar Baba.

Da safe saƙon masu gidan ya shigo wayata. Ashe akwai kyamara a ƙofa. Wai gidan na mutum biyu ne, duk wanda ya ƙaru da kuɗinsa, kuma taron jiya a wurinsu biki ne, shi ma da tasa tarar. Sun riga sun cire daga katina. Biki! Tuwo da gaisuwa da sallar magariba. Na kira su na zazzage musu duk Turancin da na koyo a jami'a. Matar da ta ɗauki wayar ta saurare ni cikin ladabi, sannan ta ce ai yana cikin abin da na amince da shi. Abin da ya rage mini kuɗin hayar ɗakina ne kawai.

Da a ce na kira likitan, da magana ta ƙare, da ya zo ya kwashe mu. Ban kira ba. Na shige banɗaki na rinƙa tura wa mutane saƙo cewa Umma ba ta jin daɗi, a dakata da zuwa.

Yinin nan ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Umma ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta mai kyau, ta jera kofunan shayi, ta zauna. Can da yamma ta ce, "Ko dai na yi wa wani laifi ne jiya?" Kafin in haɗa ƙarya wayarta ta yi ƙara. Wata tsohuwar ƙawarta ce da ke zaune wurin ɗanta, tana yi mata ya jiki. Umma ta ce mata jiki da sauƙi, ta kashe, ta zuba mini ido.

Na ce, "Umma, charge suke yi. Kowane visitor sai an biya, akwai camera a ƙofa."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ta leƙa taga ta ce, "Wancan bencin na tsallaken titi, shi ma nasu ne?"

"A'a, na council ne, na hukumar gari."

Washegari da kanta ta kira kowa ta ce ta warware. Ta ɗora rigar sanyina a kan atamfarta, muka tsallaka, ta zauna a bencin da ke wani ɗan fili, ni kuma ina riƙe da filas ɗin shayi. Mutane suka zo kamar shekaranjiya, suna durƙusawa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Matar likitan ta ce, "Hajiya, me ya fito da ke cikin wannan sanyin? Mu shiga flat ɗin mana."

Umma ta ce, "Ni na matsa mata. Gidajen nan naku kamar akwati, iska nake so." Sai ta nuna ginin da haɓa. "Kun ga inda ta kama mini? Ita kaɗai ta biya, ba ta bari kowa ya sa mata hannu ba."

Ina tsaye a bayanta, ina ganin yatsunta na rawar sanyi a ƙarƙashin mayafi, tana matse su don kada a gani. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Mutane suka juyo kaina ɗaya bayan ɗaya suna cewa Allah ya yi mini albarka, ni kuma ina cewa amin.